Makullin Gidan Ƙanƙara

"To in da gaske ciwo gare ta, me ya sa ba ta taɓa suma a gaban likitanta ba?"

Gwaggo Matalena ce ta jefo min tambayar, tana zaune a kan akwatin kifi a ƙofar gidan ƙanƙara, tana fifita da mafici. Yayar babana ce, kuma ita ce shugabar ƙungiyar matan ƙauyenmu, masu gidan ƙanƙarar. Makullin da ke lilo a wuyana, da hannunta ta rataya min shi.

Na ce, "Gwaggo, ni ma abin da ke hana ni barci ke nan."

"Abin da ke hana ki barci yana cikin jirgin ruwa na safe, Fetuao. Yana tafe da jakar kayan aiki da fararen haƙora."

"Gwaggo!"

"Na'am, ina jin ki. Furen nan da kika soka a kunne, don wa? Don kifi?"

Na kai hannu na cire furen, na rasa inda zan ajiye shi, na mayar.

Marar lafiyar da muke magana a kanta sitabilaiza ce, amma ba irin ƙaramar da ake ajiyewa bayan talabijin ba. Wannan ta fi ni tsawo, faɗinta ya kai na kabad, tana tsaye tsakanin wayar wutar gari da injin ƙanƙara. Ƙauyenmu ne ƙarshen waya a wannan gefe na tsibirin Savai'i, don haka wuta kan iso mana a gajiye, wani lokaci kuma ta iso a fusace. Aikin sitabilaiza shi ne lallashi. In wuta ta yi ƙasa ta ɗaga ta, in ta yi sama ta danne ta, injin ya sha daidai cikinsa. Ina ƙaunarta. Kowace safiya sai na goge mata jiki, kuma na san gunjinta kamar yadda na san minsharin babana.

Amma tun kwanakin baya ta tsiro da wani hali. Da yamma in rufe ɗaki in tafi gida addu'a, in bar ta tana gunji lafiya lau. In na dawo bayan cin abinci don in ɗebar wa masunta ƙanƙara, sai in tarar ta yi tsit, jar fitila a goshinta, injin a tsaye, ƙanƙarar da ta fara kamawa ta koma ruwa. In danna maɓalli, ta farka kamar ba ita ba. Kullum haka. Masunta suka fara ƙorafi, wai kifinsu yana isa kasuwar Salelologa ido a dushe.

Sai in kira kamfanin da ya kafa ta a Apia, babban birninmu da ke ƙetaren ruwa, su kuma su turo Kelemete.

Kelemete! Dogo ne, mai tafiya kamar ba ya son ya tayar da ƙasa daga barci, kuma in zai saurari inji sai ya rufe ido ya karkata kai. Yakan sauka daga jirgin safe, ya buɗe ta, ya auna nan ya auna can. Ita kuwa munafukar sai ta tsaya ƙyam, allurar mitarta a tsakiya, kamar ɗalibar da ba ta taɓa laifi ba. Ya ci fanke, ya sha shayin koko, ya ce, "Lafiyarta ƙalau," ya bi jirgin la'asar ya koma. Da yamma ta sake suma.

Kafin ka ce me, magana ta zaga gari. A rumfar da mata ke saƙa tabarma aka yanke hukunci: wai ni ke kashe injin da hannuna don a riƙa aiko min saurayi daga birni. Abin haushin, rabin maganar gaskiya ce. Ina son sa, son da ya sa na zuba gishiri a shayin babana ran nan ban sani ba. Amma ban taɓa kashe injin ba! Ka ga wahalar mai rabin gaskiya: in na rantse, fuskata sai ta ƙaryata ni.

Gwaggo ta ajiye maficin a cinya. Wasa ya bar muryarta.

"Ki saurare ni, 'yar ƙanena. Ƙungiya ta zauna. In yaron nan ya zo yau bai ga komai ba, za ki cire makullin nan ki ba Pesamino."

"Pesamino? Gwaggo, ɗanki ne, amma ko a tsaye barci yake!"

"Mai barci ba ya kiran Apia."

Na damƙe makullin har ya yi min shaida a tafin hannu. A ƙauyen nan, wannan ɗaki mai sanyi ne kaɗai wurin da ake tambayata abu in ba da amsa a yarda. In aka karɓe shi, ba aiki kaɗai aka karɓe ba, an tabbatar ni maƙaryaciya ce.

Sai ga motar haya ta katako ta tsaya a bakin hanya, kiɗa na tashi daga cikinta, Kelemete ya sauko da jakarsa. Ya rusuna ya gaida Gwaggo da ladabi, sannan ya juyo.

"Uwar ɗakin ƙanƙara, ya mai jiki?"

"Ta ji ƙamshin man gashinka, ta warke."

Ban san ta ina maganar ta fito ba. Gwaggo ta yi gyaran murya mai tsawo kamar injin kwalekwale.

Ya kashe babban makunni, ya rataya masa kwado, ya jefa ɗan makullin a aljihu, don kada wani ya kunna wuta hannunsa na ciki. Ya buɗe ƙofar sitabilaizar. A cikinta akwai wani ƙaton naɗin jan ƙarfe mai zagaye, kamar tayar mota a kwance. A kansa akwai hannu na ƙarfe mai ɗan gawayi a baki, wata ƙaramar mota kuma, wato ɗan injin lantarki, tana juya hannun. In wuta ta sauya, hannun ya matsa, gawayin ya goga wani wuri dabam a kan naɗin, wuta ta daidaita. Ya hure ƙura, ya bi kusoshin waya ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, ya shafa gaban naɗin inda gawayin ya goge har yana sheƙi. Ya kunna, ya sa mitarsa, ya rufe ido ya karkata kai.

Na tsaya ina addu'a a zuci, addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba: Ubangiji, ka sa ta lalace.

Ya buɗe ido. Bai ce lafiyarta ƙalau ba. Ya dubi makullin da ke wuyana, ya dubi Gwaggo, na gane labarin ya riga shi shiga mota.

"Fetuao, ban ce ƙarya kike ba."

"Amma ba ka ce gaskiya nake ba."

"Ni abin da na gani nake faɗa."

"To ka tsaya ka gani!" Muryata ta daki bango ta dawo. "Kullum kana zuwa da rana kana tafiya da rana. Ita da yamma take yi. Ka bar jirgin ya tafi."

Gwaggo ta ce, "Oho! Yanzu kuma har jirgi za a hana shi."

Kelemete bai yi dariya ba. Ya zauna a kan jakarsa. "Da yamma, yaushe?"

"Tsakanin in rufe da in dawo."

"Me ke tsakanin?"

"Zaman ƙaho mana."

"Kuma ba wanda ya taɓa ganin lokacin da take mutuwa?"

Ni da Gwaggo muka dube shi kamar ya tambayi ko teku na da ruwa. Wa zai gani? In rana ta kusa faɗuwa aka busa ƙahon katantanwa, kowa gida yake nufa. In aka sake busawa, duk inda kake nan za ka zauna, ba tafiya, ba hira, ba aiki, sai addu'a da waƙar yabo, har a busa na sallama. Samarin gari suna tsaye a bakin hanya da fararen riguna, ko kare ya gifta sai sun harare shi.

Ya dafe kai. "Mu a tsakiyar Apia mun saki wannan, har na manta. Wato tana da lokacin da ta san ba ido a kanta." Ya ɗago. "Mama, in ƙaho ya same mu a nan ɗakin, mun yi laifi?"

Gwaggo ta auna maganar. "Inda ya same ka, nan ne wurin zamanka. Amma ba magana. Ba taɓa ƙarfe. Kuma ni ce a tsakiya."

Jirgin la'asar ya tafi ba shi. Na ji kukan jirgin daga nesa. Sauran yinin ban san yadda ya wuce ba. Na kawo masa gwaza da miyar kwakwa, na manta cokali. Na koma ɗauko cokali, na dawo da tsintsiya. Shi kuma ya kwance murfin gefen sitabilaizar ya jingine, don mu riƙa hango cikinta daga inda za mu zauna. Ya ce kada mu tsorata in ta mutu, kashe kanta take don ta kare injin.

Da rana ta yi ja, muka jera akwatunan kifi. Gwaggo ta zauna a tsakiya, kuma Gwaggo ba ƙaramar tsakiya ba ce. In ina son ganin Kelemete sai na leƙa ta bayanta, kamar mai leƙen maƙwabta ta kan katanga.

Ƙaho ya yi kuka. Bayan ɗan jim ya sake.

Ban taɓa jin zaman ƙaho daga bakin ruwa ba. A gida nakan shagala da neman shafin waƙa. A nan kuwa na ji ƙauyenmu yana mutuwa gaɓa-gaɓa. Injin yankan katako na bayan coci ya ja dogon numfashi ya tsaya. Kiɗan kanti ya yanke a tsakiyar baiti. Famfon da ke tura ruwa tanki ya yi shiru, talabijin da fanka suka bi. Sai teku kaɗai, sannan daga gida zuwa gida waƙa ta fara tashi, muryoyin tsofaffi a ƙasa, na yara a sama.

Sai Kelemete ya miƙa haɓa wajen mita.

Allurar wutar da ke shigowa tana hawa. Ba da gudu ba, a hankali, kamar ɓarawon da ya tabbata gida ba kowa. Ƙaramar motar nan ta fara ƙugi. Hannun ƙarfen ya motsa, ya bar wurin da ke sheƙi, ya zaga, ya ci gaba da zagawa, ya shige can baya wajen bango, inda ban taɓa ganin ya je ba tunda nake.

Tartsatsi ya tashi, shuɗi, ƙyas-ƙyas-ƙyas! Ɗakin ya yi ƙauri. Sai ƙwas! Jar fitila ta kama, injin ƙanƙara ya yi tari ya tsaya.

Ta suma! Ta suma a gaban likita, a gaban alƙali!

Kelemete ya zabura zai miƙe. Maficin Gwaggo ya sauka a gwiwarsa, tas! Ya koma ya zauna. Ni kuwa ihu ya taso min tun daga tafin ƙafa, ya zo maƙogwaro ya tarar an rufe ƙofa. Na cusa bakin zanina a baki. Kafaɗuna suka hau rawa, akwatin da nake kai ya fara ƙara. Na leƙa ta bayan Gwaggo, na tarar shi ma ya leƙo, ya cije leɓe, idanunsa sun cika da ruwa don dariya. Ya ɗaga min babban yatsa a ɓoye. Wayyo! A duniya akwai wadda ta taɓa jin daɗin lalacewar inji kamar ni?

Magana haramun ce a zaman ƙaho, amma addu'a ba haramun ba ce. Gwaggo ta rufe ido ɗaya, ta ɗaga murya.

"Ya Ubangiji, mun gode maka da ka nuna mana abin da ke ɓoye. Ka riƙe hannun yaron nan, kada ya kai shi ga sukuddireba kafin lokaci. Ka riƙe wuyan yarinyar nan, kada ya karye garin leƙe. Ka gafarta wa matan rumfar tabarma, bakinsu ya yi tsawo." Ta ɗan tsaya. "Da wadda ke zama a kan tabarmar gaba."

Ita ce ke zama a kan tabarmar gaba. Na ce amin a cikin zani, hawaye na bin kumatuna.

Ban taɓa sanin zaman ƙaho yana da tsawo haka ba. Da aka busa na sallama, mu biyu muka tashi kamar an saki maruƙa.

"Na gaya maka! Na gaya muku! Gwaggo, kin gani? Kin ji ƙaurin?"

"Na ji, na ji. Hancina ba a Apia yake ba."

Kelemete ya kashe makunni, ya mayar da kwadonsa, ya cusa kai da tocila ta gefen da ya buɗe. "Zo ki gani, uwar ɗaki."

Na cusa nawa kan kusa da nasa. A can baya, daidai inda 'yar tagar iska ke fuskantar teku, naɗin jan ƙarfen ya yi kore shar, gishirin iska ya ci shi ya yi ɓawo. Bakin gawayin kuma ya gutsure.

"Da rana gari yana shan wuta," in ji shi, muryarsa na amsa-kuwwa a cikin akwatin, "hannun ba ya wuce nan gaba, shi ya sa nan ke sheƙi. Ni ma nan nake dubawa in tafi. Amma in kowa ya kashe kayansa lokaci guda, wuta ta rasa mai shan ta, sai ta taru ta yi mana nan. Hannun ya ruga baya don ya danne ta, ya taka wannan ƙazanta, ya rasa jan ƙarfe. Sai ta kashe kanta."

"Da dare fa? Ai ana barci."

"Da fanka ake barci, famfon tanki kuma yana aiki. Abin da ban gane ba, me ya sa sai bana? Ai ba bana aka fara addu'a ba."

Na fito da kaina da sauri har na bugi murfi. "Injin katako! Da can ba ya tsayawa, shi da famfo. Dattawan gari ne suka ce duk abin da ke ƙara a kashe shi, har fanka. Gwaggo, yaushe aka yi dokar nan?"

Gwaggo ta yi tsaki tana murmushi. "Makon da wannan ya fara zuwa duba inji. Ku ga yadda abu ke haɗuwa ya ɓata wa yarinya suna."

Kelemete ya miƙo min ɗan samfefa mai laushi, takardar nan ta goge ƙarfe. "Ke za ki goge. Injinki ne."

Na durƙusa na shiga gogewa a hankali, yana haska min, yana cewa in bi kwanciyar wayar, kada in danna. Koren ya riƙa zuba, jan ƙarfe yana fitowa kamar fuskar da aka wanke. Na share da busasshen ƙyalle. Ya ciro sabon gawayi daga jaka, ya nuna min yadda ake zare tsohon, na sa sabon da kaina. Sannan ya ɗora hannuna a kan hannun ƙarfen, ya ɗora nasa a kai, muka zaga da shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Kowane mako ki kashe wuta ki zaga da shi haka, ya san duk gidansa. Tagar nan kuma a yi mata rumfa, iskar teku ta daina shigowa kai tsaye."

Na ce to. Na ji abin da ya ce sarai, kowace kalma. Amma ko da an kashe wuta, na rantse akwai wuta a cikin hannuna.

"A haska injin," in ji Gwaggo daga baya. "Ba yarinyar ba."

Muka rufe, ya cire kwado, na kunna. Ta yi gunjinta na da, mai taushi, injin ƙanƙara ya amsa. Na rungume ta, na sumbaci ƙofar ƙarfen, ban damu da wanda ke kallo ba. Kuma akwai masu kallo, don masunta sun taru a ƙofa da buhunansu, samarin fararen riguna sun biyo su, har da mata biyu daga rumfar tabarma waɗanda ba su da kwalekwale balle buƙatar ƙanƙara. Pesamino ma ya zo karɓar makulli, ya jingina da bango yana hamma.

Gwaggo ta ce, "To, likita, ta warke?"

Kelemete ya sosa ƙeya. "Ai yanzu gari ya kunna kayansa, Mama. Ba za a sani ba sai an sake busa ƙaho. Dole in ga na gobe." Ya saci kallona. "Irin wannan ciwo ma, wani lokaci sai an ga na jibi."

Wani masunci ya ce, "Da na gata!" Wurin ya ɓarke da dariya. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, amma ƙafafuna rawa suke son yi.

Gwaggo Matalena ta miƙe. In ta miƙe, ko teku rage murya yake. Ta zo ta kama igiyar da ke wuyana. Ta gyara ƙullin, ta ja shi ya ƙara ƙarfi, sannan ta cire furen daga kunnena, ta kaɗe masa ƙurar jan ƙarfe, ta mayar. Ta juya ga jama'a.

"Ku ji da kyau, ku kai rumfar tabarma. Ciwon inji gaskiya ne, da idona na gani. Makulli yana wuyan Fetuao, nan zai zauna. Pesamino, koma ka kwanta. Kai kuma ɗan Apia, gidan fasto za ka kwana, gobe mu sake zama, ni a tsakiya. Amma jibi in za ka dawo, injin ya warke, sai ka nemo wani dalilin, ka zo da shi gidan ƙanena ta ƙofar gaba."